Tambaya da Amsa: An gayyace ni koyarwa a Jamus, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin jami'a ne a nan Legas, ina zaune a Agege. Wata jami'a a Jamus ta gayyace ni in koyar da Hausa na zangon karatu ɗaya. Me ya kamata in shirya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sanya alheri. Kafin ka fara tambayar kuɗin jirgi, koma ka sake karanta takardar gayyatar, ka ga wane matsayi aka ba ka, don sauran lissafin duka a kansa ya rataya.

Akwai wanda ake ɗauka a matsayin malami baƙo, da albashi duk wata. Sau da yawa DAAD, hukumar musayar malamai da ɗalibai ta Jamus, ce ke tallafa wa irin wannan, na wata 3 zuwa 12, kuma jami'ar can ce ke neman tallafin. Akwai kuma ƙwarya-ƙwaryar kwangila da suke kira Lehrauftrag. A wannan, awannin da ka tsaya a gaban ɗalibai kawai ake biya, galibi sai zango ya ƙare, babu inshorar lafiya a ciki. Mai gida can ma yana yin ta ne don ƙarin cefane, balle baƙon da zai biya haya da Yuro. In ita aka ba ka, kada ka tashi sai an rubuta maka wanda zai ɗauki nauyin masauki da inshora.

Zaman da ya wuce kwana 90 ya fi ƙarfin bizar Schengen ta gajeriyar ziyara a Turai, sai bizar dogon zama, wadda ake nema ta ƙaramin ofishin jakadancin Jamus da ke titin Walter Carrington a Victoria Island. Nemi layi da wuri. A gida kuma, karɓi izinin jami'arka a rubuce, ko hutun sabatika ko hutu ba albashi. "Je ka, ba komai" na shugaban sashe ba ya kare kowa ranar bincike. In ka sauka, kana da kwana 14 ka yi rajistar adireshinka a ofishin gari, da takardar shaida daga mai gidan haya.

Darussan zangon hunturu kan fara a tsakiyar Oktoba su ƙare a Fabrairu, na bazara kuma daga Afrilu zuwa Yuli. Awa ɗaya a lissafinsu minti 45 ce, darasi guda minti 90. In ka ga an rubuta ƙarfe 10 da haruffan c.t. a gefe, 10:15 ake nufi, s.t. kuwa daidai 10 ne. Kuma in ka gama darasi ka ji ɗalibai suna ƙwanƙwasa tebur da hannu, kada gabanka ya faɗi, tafi ne suke maka.

Inda malamanmu suka fi tuntuɓe shi ne salon koyarwa. Wanda ya saba da zaure cike maƙil yana shifta ana rubutawa zai tarar da ɗalibai 'yan ƙalilan da suka karanto abin da aka ba su, suna jiran muhawara. Tun makon farko suna son jadawali: me za a karanta kowane mako, yaya za a ba da maki. Sai ka tanadi bayanin karin sauti da tsawon wasali da misalai, domin Bahaushe bai taɓa buƙatar a faɗa masa ba, Bajamushe kuwa a nan zai tsare ka da tambaya.

Makinsu a juye yake da namu: 1.0 ne mafi kyau, 4.0 tsira da ƙyar, 5.0 faɗuwa. Sannan ɗalibai da yawa sai lokacin hutu suke miƙa dogon rubutun da ake ba su maki a kansa, watau bayan ka dawo Agege. Ka daidaita da sashen tun kana can yadda za a turo maka, da ranar ƙarshe ta shigar da maki, da ko adireshin imel ɗinka na jami'ar zai ci gaba da aiki har lokacin.