Tambayoyinku: Kulawar da Tsofaffi Ke Samu a Gidajen Jinya

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan iyaye da 'yan'uwan da ke zaune a gidajen kula da tsofaffi ne. Ma'aikatan jinya da ke aikin kula da tsofaffi ne suka ba da amsoshin.

Mahaifiyata tana da shanyewar ɓarin jiki, wata biyu ke nan tana gidan kula da tsofaffi. Na ga wani wuri a ƙasan kwankwasonta ya yi duhu fiye da sauran fata, amma masu kula da ita sun ce tunda bai fashe ba, ba komai. Haka ne?

Baiwar Allah, ba haka ba ne. Abin da kika gani ya yi kama da farkon gyambon kwanciya. Idan mutum ya daɗe kwance a gefe ɗaya, nauyin jikinsa kan matse naman da ke tsakanin ƙashi da katifa, jini ya daina kai wa wurin, naman ya fara mutuwa, sau da yawa daga ciki kusa da ƙashi. Shi ya sa fata kan nuna kamar lafiya lau alhali ɓarna ta yi nisa a ƙarƙashi.

Littattafan jinya kan ce a duba ja, a danna da yatsa na daƙiƙa uku a ga ko wurin zai yi fari ya dawo. A baƙar fata wannan gwaji ba ya cika aiki, kuma ta nan ake yawan makara. Ki duba da hasken rana ko fitila mai kyau, ki kuma sa hannu. Wurin ya fi kewayensa zafi ko sanyi? Ya yi tauri, ko ya yi tuɓus? Yana sheƙi? Mama na yamutsa fuska idan an taɓa? Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a kira babbar nas ta duba, ta auna tsawo da faɗin wurin da santimita, ta rubuta da kwanan wata. Ki duba sauran wuraren da ƙashi ke turowa: dunduniya, idon sawu, gefen ƙugu, allon kafaɗa, gwiwar hannu da ƙeya.

Gyambon mataki huɗu ne. Na farko launi ne ya canza, fata ba ta fashe ba. Na biyu saman fata ya saɓule ko ya yi bororo. Na uku rami ya kai ga kitse, na huɗu kuwa har tsoka ko ƙashi. Na farko kan warke cikin 'yan kwanaki idan an ɗauke nauyi daga kansa, na huɗu sai a yi watanni ana wanki, kuma ƙwayoyin cuta na iya bi ta nan su shiga ƙashi ko jini.

Ga abin da ya kamata ki ga ana yi. A riƙa juya ta duk bayan awa biyu, dare da rana. Idan an sa katifar musamman mai rarraba nauyi, nas na iya tsawaita lokacin zuwa awa uku ko huɗu, amma katifa ba ta ɗauke juyi. Kada a kwantar da ita kai tsaye a kan ƙashin ƙugu: a karkata ta kamar digiri 30, a tokare baya da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyi. A sa matashi a ƙarƙashin sangalalin ƙafa yadda dunduniya za ta yi lilo ba ta taɓa katifa ba. Kan gado kada ya wuce digiri 30 sai lokacin cin abinci, domin idan ya wuce haka jiki kan zame ƙasa, fata ta maƙale a zanin gado, ƙashi ya ja naman ciki. Mutum biyu ne za su ɗaga ta da zani, ba jan ta za a yi ba. Famfas ya jiƙe, a canza nan take, a wanke, a tsane ba tare da gogewa ba, a shafa man kare fata.

Abu biyu da mutane ke yi da kyakkyawar niyya suna ƙara ɓarna: mulmula wurin da ya canza launi, da ɗora mutum a kan matashi mai rami a tsakiya kamar gammo. Duka biyun a bari.

Ki nemi a nuna miki takardar juyi, wato wadda ake rubuta lokacin da aka juya ta, da makin Braden na mama. Ma'auni ne da ake amfani da shi tun 1987, yana duba abu shida da suka haɗa da motsi, damshin fata da cin abinci, makinsa daga 6 zuwa 23, kuma 18 zuwa ƙasa na nufin mutum yana cikin haɗari. Idan kin tarar takardar juyi cike take tsaf da rubutun hannu ɗaya da biro ɗaya na awa ashirin da huɗu, to mai yiwuwa a zama ɗaya aka cike ta.

Mahaifinmu yana da ciwon mantuwa. Tun da aka kai shi gidan, kullum muka je yana barci, yawu na zuba, da ƙyar yake gane mu. An ce ana ba shi magani ne saboda yana ihu da dare.

Malam, ku nemi sunan maganin, yawansa, ranar da aka fara, da likitan da ya rubuta. Haƙƙinku ne. Idan kun ji haloperidol, risperidone, quetiapine ko olanzapine, magungunan taɓin hankali ne. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa wa sababbin cikinsu gargaɗi mafi tsanani a 2005, ta faɗaɗa shi zuwa tsofaffin magunguna irinsu haloperidol a 2008, saboda suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu ciwon mantuwa. Diazepam da danginsa su ma kan kawo magagi da faɗuwa. Akwai lokacin da ake buƙatar irin waɗannan, misali mutum na shirin ji wa kansa ko wani ciwo, amma da mafi ƙarancin awo, na ɗan lokaci, tare da ranar sake dubawa.

Tsohon da ba ya iya bayani, ihu ne maganarsa. Kafin magani, kamata ya yi a bincika ko ciwo yake ji a haƙori ko gaɓoɓi, ko ya kwana uku bai yi bahaya ba, ko fitsari ya taru a mara ya ƙi fita, ko ƙishirwa, ko zazzaɓi, ko kuwa tabarau da na'urar jinsa suna cikin durowa. Ruɗewar da ta taso cikin kwana ɗaya ko biyu alamar rashin lafiya ce, a kira likita ranar. Kada ku sa a tsayar da maganin farat ɗaya. Likita ne zai rage shi sannu a hankali.

Ina tsakanin gidaje biyu. Ɗaya sabon gini ne mai kyan gani, ɗayan ya tsufa amma an ce suna da kirki. Me zan duba?

Ka ƙirga hannaye, ɗan'uwa. Yawancin abin da ke lalacewa a irin waɗannan gidaje, daga gyambo zuwa rama, daga ƙarancin ma'aikata yake farawa. Yi lissafin da kanka: mai kula ɗaya da dare, da mutum goma sha biyu masu buƙatar juyi da canjin famfas, kowanne minti goma. Awa biyu ke nan cif. Tana gama zagaye ɗaya lokacin na biyu ya yi, ba ta amsa kiran kowa ba, ba ta kai kowa bayi ba. Wani bincike da gwamnatin Amurka ta fitar a 2001 ya nuna cewa idan kulawar da kowane mazauni ke samu ta gaza kusan awa 4.1 a rana, matsaloli kan fara yawaita.

Ka je ba sanarwa, sau ɗaya da yamma liƙis, sau ɗaya a ƙarshen mako lokacin cin abinci. Ka tambayi mai kula da kanta, ba manaja ba, mutum nawa take riƙe da su yau da kuma tsawon zamanta a gidan. Inda ma'aikata ke yawan canzawa babu wanda ya san cewa Baba yau ba daidai yake ba. Ka duba faratan mazauna, bakinsu, da ko akwai ruwan sha inda hannu zai kai. Warin fitsari a ɗaki ɗaya na ɗan lokaci ba laifi ba ne. Wanda ya kama labule da kujeru labari ne daban. Ka tambaya mutum nawa suka samu gyambo a cikin gidan bana, nawa suka faɗi, nawa ke da robar fitsari. Gidan da ya ce ba wanda ya taɓa faɗuwa, mu a ganinmu ba ya rubutawa ne. Ka kuma nemi lasisi da rahoton binciken hukuma na ƙarshe.

Kakata ta faɗi sau biyu da dare. Na roƙi a sa wa gadonta ƙarfen gefe, sun ƙi.

Suna da hujja. Mai ruɗewa da ke son zuwa bayi za ta haura ƙarfen ne ta faɗo daga sama, ko ta maƙale tsakaninsa da katifa. Abin nema shi ne dalilin tashin nata. A sauke gadon ƙasa, a bar fitila a hanyar bayi, a riƙa kai ta kafin barci da kuma lokacin da ta saba farkawa. A auna hawan jininta tana kwance, a sake bayan ta tsaya cikin minti uku. Idan lambar sama ta sauka da 20 ko lambar ƙasa ta sauka da 10, hakan na iya sa ta jiri ta faɗi, kuma a sake duba magungunanta.

Yayana ya rame sosai, kuma yana tari duk lokacin da ake ba shi abinci.

A hau da shi sikeli, kada a tsaya ga ido. Raguwar kashi 5 cikin 100 a wata ɗaya, ko kashi 10 a wata shida, abin kiran likita ne: mai kilo 60 ya koma 57 cikin wata. Tari lokacin ci, ko murya ta koma kamar mai ruwa a maƙogwaro bayan haɗiya, na nuna abinci na ratsewa zuwa huhu, kuma ƙarshensa nimoniya. Yana buƙatar gwajin haɗiya. Kafin nan a zaunar da shi a miƙe sosai, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin na gaba, a duba kumatu ko ya tara abinci, ya zauna rabin awa kafin ya kwanta. Ciyarwa irin wannan kan ci minti ashirin zuwa talatin, don haka ka lura ko ana ɗauke farantinsa da wuri a rubuta cewa ya ƙi ci. A goge masa haƙora da harshe sau biyu a rana, ko da haƙoran roba ne, domin ƙwayoyin cutar baki su ne ke sauka huhu. Abin sha kuwa, sai dai in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda, namiji na buƙatar kusan lita biyu a rana, mace lita 1.6, kuma a rubuta abin da ya sha, ba abin da aka ajiye masa ba.