Amsa kan magunan kango da zafin bazara

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun da safe na ga tambayarki, aiki ne ya riƙe ni. Kin ce akwai maguna huɗu a kangon bayan gidanku, ba na kowa ba ne, kuma tun da zafin nan ya kankama suke shigowa suna lasar ruwan rariyar wanke-wanke. Yara na so su kama su su riƙa ba su madara, ke kuma kin rasa ta inda za ki fara. Shekara shida ke nan ina fama da irinsu a nan Kano, bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Ki ajiye maganar abinci tukuna. Magen kango ta iya neman abincinta, ga ɓera, ga ƙadangare, ga bola. Abin da ke gagararta daga Maris zuwa Mayu ruwa ne, lokacin da duk wani kududdufi ya ƙafe, zafi kuma ya haura digiri 40. Wani likitan dabbobi ya taɓa yi min bayani cewa asalin mage dabbar daji ce ta ƙasashe masu ƙarancin ruwa, yawancin ruwan jikinta daga naman da take kamawa take samu, shi ya sa ba ta da saurin jin ƙishirwa. Idan har kika ga tana lasar ruwan omo a rariya, to abin ya kai mata ko'ina. Babbar mage mai kilo 4 tana bukatar kamar milimita 200 na ruwa a yini, bai ma kai rabin leda ɗaya ta fiya wata ba. Kin ga ba wani abin kashe kuɗi ba ne.

Mazubin ne abin lura. Na fara da kwanon silba, kafin azahar ruwan ya zama kamar na shayi, ko kallonsa ba sa yi. Roba kuma iska ke kifar da ita. Kasko na ƙasa, irin wanda ake zuba wa kaji, shi ya raba gardama, don yana tsatsafowa yana sanyaya ruwan kamar randa. Ki nemi mai faɗi marar zurfi. Ni har yashi nake tarawa in jiƙa shi in dasa kaskon a ciki, dabarar nan ta tukunya cikin tukunya da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana tumatir da ganye. Da la'asar in kika tsoma yatsa za ki ji ruwan da sanyinsa.

Ki ajiye a inda inuwa ba ta gushewa. Ki lura, wurin da ke da inuwa da hantsi zai iya zama tsakiyar rana da ƙarfe 2. Nawa yana gindin darbejiya ta bayan katanga, ɗaya kuma a lungun da ke tsakanin ɗakin girki da banɗaki. Biyu nake ajiyewa da gangan, don akwai wani jibgegen muzuru mai yagaggen kunne da yake kwanciya a gaban kasko ya hana kowa sha. Kuma wuri ɗaya kullum, kada yau nan gobe can. Kowace safiya a zubar a ɗauraye a sake sabo. In an bar ruwa ya kwana ya yini, gamsakuka za ta fito, sauro kuma zai yi ƙwai, cikin mako guda zuwa kwana 10 kin ƙyanƙyashe wa gidanki zazzaɓi da hannunki.

Yanzu ga abin da har yau yake cina. A bazarar 2024, wadda azumi ya faɗo cikin Maris da Afrilu, ruwa ya yi wuya a unguwarmu, muna saye wurin 'yan garuwa muna tarawa a duro. Wani dare na ɗebi ruwan sahur na manta ban mayar da murfi ba. Ruwan ya yi ƙasa, kamar rabin duro. Da gari ya waye na tarar da wata 'yar baƙar mage a ciki, ta miƙa wuya za ta sha ta zame, jikin duron kuma santsi, babu inda farcenta zai kama. A lokacin ban fara ajiye kasko na biyu ba, muzurun nan ya tsare na farko. Ga asarar rai, ga asarar ruwan da muka saya da tsada. Don Allah ki rufe duro, ki rufe tanki da rijiya, ki kife bokiti da baho in ba a amfani da su.

Madara kuwa, ki ba yara haƙuri. Yawancin manyan maguna cikinsu ba ya narkar da madarar shanu, zawo take sa su, zawo a wannan zafin kuma shi ke ƙarasa tsotse ruwan jikinsu. In kina son ba su wani abu, ɗan kan kifi ko guntun kayan ciki da aka dafa ba yaji ya isa, bayan magariba ko da asuba. Abin da suka rage bayan rabin awa a kwashe, in ba haka ba kiyashi da ƙuda ne za su gaje shi. Ragowar miya mai albasa da tafarnuwa ba ta yi ba, suna lalata musu jini. Ni ba kullum nake ba su ba, gaskiya, don maƙwabcina yana kiwon tantabaru, kuma ba na son in tara masa runduna a kan katanga. Zaman lafiya da maƙwabci ma hakki ne.

Batun kamawa, kada ki bari. Waɗannan ba kyanwar Lami ba ne, suna cizo suna yakushi, kuma guje-gujen da za a sa su yi da tsakar rana ya fi ƙishirwar illa. Mage ba ta gumi sai ta tafin ƙafa, lasar jikinta da kwanciya a wuri mai sanyi su ne fankarta. Shi ya sa kike ganinsu a miƙe a ƙasan randa ko kan simintin banɗaki. A ƙyale su. Idan kuma tsautsayi ya sa ta ciji yaro ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar. Ciwon haukan kare ba kare kaɗai ke ɗauke da shi ba.

Alamar da za ta tayar miki da hankali ita ce haki. Kare ya zaro harshe yana haki ba komai ba ne, amma mage ta buɗe baki tana haki, miyau na dalala, tana tangaɗi in ta tashi, to zafi ya buge ta. Zafin jikinta na lafiya tsakanin digiri 38 ne da 39, in ya wuce 41 ana iya rasa ta. A irin wannan halin ma ba ta da ƙarfin gudu. A lulluɓe hannu da tsumma mai kauri, a mayar da ita inuwa, a shafa mata ruwan randa a ciki da ƙafafu da kunnuwa, a yi mata fifita. Ban da ruwan ƙanƙara, ban da ɗura mata ruwa a baki, za ta shaƙe. Kuma na roƙe ki da girman Allah, ban da farasitamol. Na taɓa ganin wata ta ba da shawarar a jiƙa rabin ƙwaya a ba mage. Wannan maganin guba ne ga mage, ɗan kaɗan yake kashe ta. In da hali a kai ta asibitin dabbobi.

Cikin huɗun nan da wuya a rasa mai ciki ko mai shayarwa, cikinsu wata biyu ne da 'yan kwanaki. Suna son haihuwa a cikin silin, ƙarƙashin rufin kwano, wurin da da rana yake komawa tanda. In kin ji kukan 'ya'ya a sama, kada a taɓa su. Ki sa kwali a lungu mai inuwa kusa da kaskon, ki yanke masa ƙofa da 'yan ramukan shan iska, ki bar wurin shiru. Tawa kwana biyu ta yi tana shinshina kwalin, a dare na uku ta sauko da su ɗaya bayan ɗaya a baki.

Sai ki gaya wa maigida, in yana ajiye mota a waje, ya riƙa bubbuga bonet ya leƙa ƙarƙashi kafin ya tayar. Da rana can suke fakewa. In kuma kuna zuba shinkafar ɓera a gidan, ki dakata da ita, don magen da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya tafiya. Da huɗun nan a bayan katangarki ma ba na jin za ki sake bukatarta.