"Likita, ni fa na san jikina": tambayoyinku da amsoshinsu

Wasiƙun wannan makon sun fito daga garuruwa daban-daban, amma kusan kowace akwai wannan magana a cikinta: na san jikina. To, bari mu duba ko jikin yana gaya wa mai shi gaskiya kullum.

Tambaya: Shekarata 56, manomi ne ni a wani ƙauye kusa da Ringim. Bara aka ce ina da hawan jini, aka ɗora ni kan amlodipine. Na sha wata uku, ciwon kai ya tafi, sai na ajiye na koma tafarnuwa da zoɓo. Yau wata biyar garau nake, amma ɗana ya ƙi bari na huta. Ba warkewa ke nan ba?

Amsa: Baba, ka yi haƙuri, yaron ya fi ka gaskiya a wannan karon. Hawan jini ba zazzaɓi ba ne da zai kwantar da kai ka san ya zo. Mutum na iya kai 180 bisa 110 yana huɗa, yana cin kasuwa, ba ya jin komai, alhali a ɓoye ciwon na cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da zuciya da ido. Wani ma ba zai san yana da shi ba sai ranar da ɓarin jikinsa ya shanye.

Inda ka ruɗi kanka shi ne da ka mai da ciwon kai ma'auni. Rana na kawo ciwon kai, yunwa na kawo shi, rashin barci ma haka. Kuma zuciya tana saurin gaskata labarin da zai hutar da ita daga kuɗin magani da kuɗin mota. Ba kai kaɗai ba ne, halin ɗan Adam ne.

Ka bar na'ura ta raba gardama. Je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a auna ka a ranaku uku daban-daban. Kada ka ci goro ko ka sha taba minti 30 kafin awon. Ka yi fitsari, ka zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. A auna sau biyu, a rubuta maka a takarda. In lambar tana kai 140 bisa 90 ko ta wuce, ciwon na nan, sai ka koma kan magani. Amlodipine riƙe jinin yake, ba kashe ciwon yake ba, shi ya sa ake shan sa kullum. In kumburin ƙafa ne ya sa ka gudu, ka faɗa, akwai wasu da za a canza maka. Zoɓo marar sukari yana ɗan sauke jini, ban ƙi ba, amma bai kai ya tsaya a madadin magani ba. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini, kuma a lissafa har da dunƙulen ɗanɗano da kanwar da ake zubawa a miya.

Tambaya: Ni da maigidana duka AS ne, ɗanmu na fari kuma sikila ne. Surukata ta ce tunda ɗaya cikin huɗu ne, mun riga mun biya namu, uku masu zuwa lafiya za su zo. Ina da ciki yanzu. Daga karkarar Gumel.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Maganar Inna tana da daɗin ji, amma lissafin ba haka yake ba. Ki zuba wake huɗu a ƙwarya: ɗaya ja, shi ne SS wato sikila, biyu AS wato masu ɗauke da gadon amma ba su da ciwon, ɗaya AA wanda bai gaji komai ba. Ki rufe ido ki ɗauki ɗaya, ki mayar da shi, ki sake ɗauka. Ƙwaryar ba ta tuna abin da kika ɗauka ɗazu. Kowane ciki da nasa rabon, jan na iya fitowa sau biyu a jere, yana iya ƙin fitowa sam. Don haka a gwada jinin jaririn, kada a jira sai hannu da ƙafa sun kumbura. Gwajin da aka saba yi ya fi bayyana gaskiya bayan wata shida da haihuwa. Shi kuma babban, gidan sauro kowane dare, ruwa mai yawa, folic acid, allurar rigakafi cikakkiya, in zafin jikinsa ya kai digiri 38 a tafi asibiti ranar. Kada kuma wani ya ɗora miki laifi ke kaɗai, rabin gadon daga uban ya zo.

Tambaya: Ina lodin yashi a wajen Dambatta. Ina shan tiramol mai 225 guda uku a yini don ƙarfin aiki. Ni ba ɗan ƙwaya ba ne, duk ran da na ga dama zan bari.

Amsa: Ɗan'uwa, guda nawa ka fara da shi? Na tabbata ba uku ba ne. Uku sau 225 ya kama miligiram 675, iyakar da likita zai bai wa majiyyaci a yini kuwa 400 ce. Abin da ya haura haka yana iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, wani lokacin mutum na kan babur ko a saman tifa. In aka haɗa shi da kodin ko maganin barci, numfashi na iya tsayawa.

Wannan "ran da na ga dama" ita ce jimlar da ƙwaya take koya wa kowa. Tuna safiyar da ba ka samu ba: hamma, majina, gumi, ciwon gaɓoɓi, gudawa, faɗa da kowa. Da ka haɗiya sai su ɓace, kai kuma ka ce ƙarfi ya zo. Ba ƙarfi ba ne, bashin da ƙwayar ta ɗora maka ne ka biya na yini ɗaya. Kada ka yanke lokaci guda daga wannan adadin, ragewa ake yi a hankali cikin makonni a hannun likita. Asibitin Dawanau a Kano da na Kazaure suna duba irin wannan matsalar, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Ka gaya wa mutum ɗaya a gida wanda zai riƙe maka lissafin abin da kake sha, domin kai kaɗai za ka riƙa yi wa kanka rangwame.

Tambaya: Malamin firamare ne ni a Sumaila. Kullum ana turo mana murya a WhatsApp, ranar kasuwa ga mai lasifika da magani ɗaya na cuta ashirin, kuma mutane na ba da shaida. Wa za mu gaskata?

Amsa: Malam, ka tuna watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka tashi mutane da asuba ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha? An yi asarar rayuka, wasu suka kwanta asibiti. Duk wanda ya tura saƙon nan da kyakkyawar niyya ya tura, shi ya ji daga wanda ya yarda da shi.

Game da masu shaida: wanda ya sha ya samu sauƙi shi ke zuwa gaban lasifika. Wanda ya sha ƙodarsa ta lalace yana kwance a ɗaki, ba mai miƙa masa makirfo. Mura da yawancin gudawa kuma da kansu suke tafiya, duk abin da aka sha a rana ta uku shi zai kwashe yabon. Ka koya wa ɗalibanka su tambaya: wa ya faɗa, ta yaya ya sani, me zai samu in na yarda? A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalba. Mu likitoci ma a tambaye mu: mene ne sunan ciwon, mene ne sunan maganin, kwana nawa za a sha. Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan.

Tambaya: Ni in ba allura aka yi mini ba maleriya ba ta sakina. Daga Birnin Kudu.

Amsa: Hajiya, zafin allura ba shi ne ƙarfin magani ba. A fara gwajin jini na ɗan yatsa, minti 15 zuwa 20 ne, don ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. In ita ce, ƙwayar artemether-lumefantrine sau shida ake sha cikin kwana uku, na biyun bayan awa takwas da na farko, tare da nono ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki sosai. Masu cewa ƙwaya ba ta yi musu aiki da yawansu a rana ta biyu suke ajiyewa. Allura ta wanda ciwon ya yi wa tsanani ce, mai amai ba tsayawa, ko jijjiga, ko wanda ya fita hayyacinsa.