Yadda masu manhajar bashi suka samu lambar surukinka

Ɗan'uwa ka ce ta yaya masu manhajar bashi suka kira surukinka a Ringim alhali ba ka ba su lambarsa ba. Ai da hannunka ka ba su, ranar da ka sauke ta ta nemi izinin shiga lambobi da hotunanka ka danna kawai ba ka karanta ba, shi kenan ta kwashe komai. Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotuna tun 2023, amma fa irin wadda ake tura maka ta Xender a shagon cajin waya ranar kasuwa wannan dokar ba ta kai gare ta ba. Shiga saitin wayar ka kashe izinin, ka goge ta. Abin da suka riga suka kwasa kam ya tafi, sai dai ka kai ƙara FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye.