Hukuncin Mace Ta Kalli Resilin Ko Ta Ɗauke Shi Sana'a

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni budurwa ce, tun ina ƙarama nake sha'awar resilin na WWE. Yanzu mata sun yi nisa a cikinsa, har a Saudiyya an yi wasan mata. Ya halatta in riƙa kallo? Kuma Musulma za ta iya ɗaukarsa sana'a?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. 'Yata, Allah Ya yi miki albarka.

Abin da kika faɗa haka yake. A da ana fito da matan ne don ƙawata fage, sai a 2016 kamfanin WWE ya soke kambun mata da ake kira "Divas" ya ba su kambu irin na maza. A 2018 suka yi gasar Evolution su zalla, a 2019 kuma Becky Lynch da Ronda Rousey da Charlotte Flair suka yi babbar karawar da aka rufe WrestleMania da ita, wasan da ya fi kowanne girma a shekara. Amma ɗaukakar abu a idon duniya ba ita ke ba shi hukunci ba.

Kokawa a asalinta halal ce. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Motsa jiki ma ba na maza kaɗai ba ne, domin Nana A'isha (RA) ta yi tsere da Manzon Allah har sau biyu: ta tsere masa a karon farko, da ta yi jiki shi kuma ya tsere mata. Don haka duk wanda ya ce miki ƙarfi aibi ne ga 'ya mace, ki tambaye shi hujjarsa.

Matsalar tana cikin siffar wannan wasan. Ki dubi shigar da mafi yawansu ke yi: cinya a buɗe, ciki a buɗe, gaban dubban maza, kyamara na bin jiki lungu-lungu. Allah Ya umarci muminai maza da mata su runtse idanu a Suratun Nur, aya ta 30 da 31. Kada ki ce ai ke mace ce. A Sahihu Muslim an hana mace kallon al'aurar 'yar'uwarta mace, kuma tsakanin cibiya da gwiwa al'aura ce ko a tsakanin mata.

Sai cutarwa. Na san za a ce ai shiri ne, an tsara wanda zai yi nasara tun kafin a hau dandali. Haka ne, amma faɗowa daga kan tsani da dukan kujerar ƙarfe a gadon baya, jiki ne ke ɗaukarsu da gaske. 'Yar wasan nan Paige sai da ta jingine kokawa a 2018 saboda ciwon wuya, tana da shekara 25. Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, ya kuma hana dukan fuska. A kan wannan ne Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa (Ƙungiyar Musulmi ta Duniya) da ke Makka ta haramta dambe da kokawar da ake halatta cutar da abokin karawa a 1987, ta bar wadda motsa jiki ce zalla, da sharaɗin suturta al'aura.

Batun Saudiyya kuwa, a Oktoban 2019 Natalya da Lacey Evans sun kara a Riyad, sun rufe hannu da ƙafa, suka ɗora riga a sama. Hakan ya rage ɓarna ɗaya, amma kai a buɗe yake, maza na kallo, cutarwar na nan. Aikin hukumar wata ƙasa, kowace ce, ba dalilin shari'a ba ne.

Saboda haka ɗaukar resilin sana'a a wannan siffa bai halatta ba, kallonsa ma bai halatta ba, haramcin kuma ya fi tsanani ga namiji. In kina son koyon kokawa ko dabarun kare kai, ki nemi mai koyarwa mace, a wuri killatacce da ba maza ba ɗaukar hoto, da tufa mai suturtawa, ban da dukan fuska, ban da caca, kuma da sanin iyayenki. Wannan ya halatta, har ina ƙarfafa miki gwiwa a kai.

Allah ne Mafi sani.