Amsa ga ɗana kan adon tsohon Masallacin Juma'a na Zariya

Ɗana, saƙonka ya iso ni, inda kake tambaya me ya sa ƙofar fadar Sarkin Zazzau ta sha launuka iri-iri, amma tsohon masallacin da ke daura da ita ba a ƙawata cikinsa haka ba, ko kuwa magina na dā ba su iya ba ne. Sun iya ƙwarai, da gangan suka taƙaita.

An gina masallacin a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma wanda ya jagoranci aikin shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ake kira Malam Mika'ilu. Da tubalin ƙasa ya tayar da ginshiƙai masu kauri, sannan ya jera azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, yana ɗaure ta gaɓa-gaɓa, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, har ɓangarorin biyu suka haɗu a sama suka zama bakan gizo, a kansu kuma aka ɗora tuluwar rufi. Wanda ya iya riƙe rufin ƙasa mai wannan nauyi ba da ƙarfe ko siminti ba, ai shafa launi ba zai gagare shi ba.

Adon yana nan, sai dai a jikin ƙasar aka fitar da shi. Magini kan zana shi da hannu tun yaɓen yana ɗanye, ya tono nan ya tayar da can, layuka masu zurfi su bi tsawon ginshiƙi, da'irori da kusurwoyi su hau baka. Ba za ka ga surar mutum ko ta dabba ba, domin shari'a ta hana sanya su a wurin sallah. Malamanmu na Malikiyya kuma sun karhanta ƙawata alƙibla da abin da zai ɗauke hankalin mai sallah, suna kafa hujja da hadisin da Annabi (SAW) ya mayar wa Abu Jahm mayafi mai zane saboda ya shagaltar da shi a sallah. Fada wurin nuna ƙasaitar mulki ce, shi ya sa aka sakar wa masu fenti hannu a can.

A shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage na ginin ƙasar da sabon gini na siminti. Hakan ya kare shi daga ruwan sama, amma ina baƙin cikin cewa mai wucewa ba ya ganin aikin Babban Gwani sai ya shiga ciki.

Game da masallacin unguwarku da ka ce za a yi wa kwaskwarima, shawarata ita ce ku bar bangon alƙibla fari, ko ku yi masa launi ɗaya mai sanyi. In ana son zane, a kai shi ƙofar shiga da bangon waje, kuma ku nemi tsohon magini ya duba yaɓen kafin a shafa fentin mai, domin yana kulle danshi a cikin bangon ƙasa har ya riƙa ɓamɓarewa.