Amsa: Alphonso Davies ɗan Ghana ne ko ɗan Kanada?

Malam, ka tambaya me ya sa Davies ba ya bugawa Ghana ƙwallon ƙafa tunda can aka haife shi. Gaskiya ne a Ghana aka haife shi, ranar 2 ga Nuwamba, 2000, amma a sansanin 'yan gudun hijira na Buduburam. Iyayensa 'yan Laberiya ne da yaƙin basasa ya koro. Yana ɗan shekara 5 suka koma Kanada, ya tashi a Edmonton, ya samu takardar zama ɗan ƙasa a 2017, shi ya sa Kanada yake bugawa.

Yana shekara 15 ya fara bugawa ƙungiyar Vancouver Whitecaps ta Kanada, Bayern Munich ta ɗauke shi ya koma a Janairun 2019. Ni dai wasan da suka lallasa Barcelona 8-2 a 2020 ba zai fita raina ba, yadda ya wuce Semedo, ɗan bayan Barcelona, ta gefen hagu ya miƙa wa abokin wasansa Kimmich ƙwallo ya zura. A Qatar 2022 kuwa, shi ya ci wa Kanada ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya ta maza, a ragar Kuroshiya, minti biyu ba su cika ba.